Kwana tara muna haƙar saiwa, daga Kagoro zuwa Damargu

Da Auta ya zo min da maganar, dariya na fara yi. Wai zai tashi daga kudancin Kaduna ya nausa arewa har cikin Nijar, yana tsinkar ganye, yana yankan reshe, yana tonon saiwa, a kan haka za a ba shi digiri na biyu. Maiɗakina tana tankaɗe a tsakar gida ta ɗago kai ta ce, "Yanzu duk ganyen da ke Zariya bai ishe ku ba, sai kun ƙetare iyaka?"

Shekara goma sha bakwai ke nan ina koyar da aikin gona a sakandare, kuma abin da nake rubuta wa yara a allo kan wannan batu layi biyu ne rak. Itatuwan kudu manyan ganye gare su, na arewa ƙananan ganye da ƙaya. Auta ya ce, "Yaya, layukan nan naka biyu nake so in je in auna. Ka zo ka riƙe min littafi. Kai ka san itatuwa da sunansu na gida, ni na Latin kawai na haddace." Na nemi izinin kwana goma a makaranta, muka tashi a ƙarshen Oktoban 2022, lokacin da damina ke tattara kayanta amma itatuwa ba su kaɗe ba tukuna.

Kayanmu ba su da yawa: diga, shebur, adda, almakashin reshe, ɗan ƙaramin sikeli mai batir, kula guda biyu, da ambulan ɗin takarda sun fi ɗari biyar. Muka yi shatar wata tsohuwar Golf daga Samaru, muka bi ta Pambeguwa da Saminaka, la'asar sakaliya muna Kagoro.

Wanda bai taɓa zuwa gindin dutsen Kagoro ba zai ɗauka an fitar da shi daga Arewa. Ruwan shekara a wannan yanki yana kai milimita 1,500 har ya haura, kuma a daren da muka sauka sai da aka yi wani yayyafi na bankwana. Ciyawa ta fi tsayina. Ga kwakwar manja a bakin rafi, ga gonakin citta, ga maje da ɗinya da ɗorawa kowanne ya baje inuwa. Wani malamin firamare, abokin karatun Auta, shi ya sauke mu a ɗakinsa, matarsa ta kawo mana tuwon acca da miyar karkashi. Da safe ya raka mu gaban mai unguwa, domin ba a shiga kurmin mutane da adda ba tare da sallama ba.

A nan na ga yadda aikin yake, kuma haka muka yi ta maimaita shi har ƙarshen tafiya. A kowane wuri Auta yakan zaɓi itatuwan da suka fi yawa, kowane iri bishiya biyar. Ya tsinko ganye daga ɓangaren da rana ke duka, ya shimfiɗa a farar takarda kusa da rula ya ɗauki hoto don kwamfuta ta lissafa faɗinsa, ya auna nauyinsa ɗanye, ya sa a ambulan. Ya yanko reshe mai kaurin babban yatsa, ya ɓare ɓawon, ya nutsa shi a kofin ruwa da ke kan sikeli don a san girmansa. Sai aiki mai wahala, wato bin saiwa daga gindin bishiya da tono har a kai ga 'yan siraran da ke shan ruwa. Ni ne mai littafi, amma kafin azahar na zama mai diga.

Wani ganye da muka tsinko a cikin kurmi ya fi tafin hannuna biyu faɗi, siriri har kana hango inuwar yatsanka ta bayansa. Kafin in gama rubuta lambarsa ya yi laushi kamar tsumma. Auta ya ce ganye jari ne. Akwai wanda bishiya ke yi da araha, mai faɗi, marar kauri, ya tara abinci da sauri ya mutu da wuri. Akwai wanda take zuba wa dukiya, mai kauri da tauri, ribarsa kaɗan-kaɗan amma ya daɗe yana kawowa. Ya ce a 2004 masana sun haɗa awon tsirrai sama da iri 2,500 daga wurare 175 a duniya, suka tarar kusan kowane ganye yana wani wuri a tsakanin waɗannan biyun. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ruwa. Duk ganyen da zai sha iska don ya dafa abinci sai ya buɗe ƙananan ƙofofin da ke jikinsa, kuma ta nan sama da kashi casa'in cikin ɗari na ruwan da saiwa ta jawo ke tserewa. Na ce masa, to ashe ganye mai wanki ne, kara ɗan ga-ruwa, saiwa kuma rijiya. Ya ce in rubuta wannan a bayan littafi. Tambayar digirinsa ke nan gaba ɗaya: in ruwan sama ya ragu, su ukun nan tare suke canza hali, ko kowa gabansa yake yi?

Kwana biyu muka yi a Kagoro, muka juyo ta Saminaka muka hau titin Jos zuwa Kano. Dajin Falgore ba wurin da baƙo zai kutsa da ambulan ba ne a wannan zamani. Sojojin da ke shinge suka duba but ɗinmu, suka ce mu tsaya a gefen gari kada mu yi nisa, muka ce mun ji mun gode. A bayan wani ƙauye muka yi aiki cikin doka.

Marmara ta karya mana ƙotar diga tun a rami na biyu, sai da wani yaro ya kai ta maƙera a kan keke. Muna jira na zauna ina kallon wata 'yar doka da ba ta wuce gwiwata ba. Da diga ta dawo muka tone ta, sai ga gindi a ƙarƙashin ƙasa mai kaurin cinyata, duk tabon ƙuna a samansa. Wannan ba jaririya ba ce, tsohuwa ce da gobarar daji ke aske wa kai duk rani, ita kuma ta sake tohowa daga ajiyar da ta binne. Na shafa ɓawon kaɗanyar da ke kusa, mai kauri, a tsattsage kamar bayan kada. A nan abin da bishiya ke tsoro wuta ce, ƙishirwa tana bayanta. Ciyawa mai tsayi da damina ita ce makamashin rani, don haka dukiyar tana tafiya ga ɓawo da gindi. Layukana biyu na allo ba su san da wuta ba sam. Auta ya nuna min ƙarshen saiwar doka da madubin hannu, gajeru, masu kauri, an naɗe su da wani farin zare. Funfuna ce, in ji shi, irin dangin naman kaza. Bishiya na ba ta sukari, ita kuma tana shiga lungunan da saiwa ba ta isa ba ta kwaso mata abinci. Ya ce in riƙe wannan, zai dawo mana a gaba.

Kano kwana ɗaya muka yi a gidan ƙanwar mahaifiyarmu. Da safe muka je Wapa canjin kuɗi, na sha mamaki. Ni da na san jakar sefa, wato sefa dubu, a kan naira ɗari uku da 'yan kai, sai ga shi ta kamo naira dubu har ta gota. Guzurinmu ya ƙanƙance tun kafin mu ga iyaka.

Daga Dambatta zuwa Kazaure zuwa Daura ƙasar gona ce zalla, ana ta yankan dawa, bishiyoyi tsilli-tsilli a tsakiyar gonaki. Ɗorawa da kaɗanya suna ja da baya, kuka da tsamiya da gawo suna karɓar fili. Ruwan shekara a nan bai wuce rabin na Kagoro ba. A wata gona kafin Daura muka tarar da kuka da ƙirya tsakaninsu bai fi taku talatin ba, kuma a nan ne allona ya fara tsagewa.

Reshen kuka adda ta shige shi kamar rogo. Muka jefa guntunsa a bokiti ya yi ta yawo a sama, in ka matsa shi da farce ruwa ya tsattsafo. Busasshen icen kuka ba ya kai kashi ɗaya cikin uku na nauyin ruwa mai girmansa. Ƙirya kuwa sai da Auta ya yi gumi kafin ya raba reshe da uwarsa, guntun ya nutse saura ƙiris. Ba banza ba masassaƙa ke neman ta don turmi, maƙera kuma don gawayi. Ƙasa ɗaya, ruwan sama ɗaya, rana ɗaya, amma kowacce da dabararta. Saiwar kuka ba ta nitso, a sama-sama take bazuwa, takan yi nisan da ya fi tsayin bishiyar. Ruwa na sauka ta wawure shi, ta cika tumbinta, rani na kamawa ta zubar da ganye ta rufe shago. Ajiyar cikinta ce ke ba ta damar fitar da sabon ganye tun kafin ruwan farko ya sauka.

Auta ya zana min abin a ƙasa da tsinke. A cikin ice akwai siraran bututu da ruwa ke hawa. In ka ninka faɗin bututu sau biyu, ruwan da zai wuce ba sau biyu zai ƙaru ba, sau goma sha shida ne. To me zai hana kowace bishiya yin manya? Saboda ganye janyo ruwan yake yi daga sama kamar mai zuƙa da tsinken kara, in ƙasa ta bushe ya ci gaba da ja, sai iska ta kutsa cikin bututun ta toshe shi, reshe ya mutu. Sau da yawa ice mai nauyi da matsattsun bututu ya fi jure wannan ja, sai dai ruwansa a hankali yake tafiya, girmansa ma haka. Wanda ya zaɓi ganye mai almubazzaranci dole ya yi babban bututu, kuma dole ya san lokacin da zai tsaya. Wanda ke so ya riƙe ganye har bazara dole icensa ya iya shan wuya.

Mai gonar yana tsaye yana jin mu. Da Auta ya gama ya ce, "Ɗan nan, duk wannan karatu ne? Ai ko yaro ya san ba a hura wuta da kuka."

Mun ƙetare ta Kwangwalam zuwa Ɗan Barto. Takardunmu sun cika, har da katin rigakafi da wasiƙar wani malamin jami'a a Damagaram da ya karɓi baƙuncin aikin. Wani jami'i ya buɗe kula ya ga saiwoyi a ƙulle da lamba, ya dube mu sama da ƙasa, ya ja ni gefe ya rage murya ya ce, "Malam, cikin nan akwai na basir?" Na rantse masa mu ba masu magani ba ne, bai yarda ba, ya ɗauka rowa ce. A rumfar mai shayi kuma na yi abin kunya. An ce min shayi da burodi dala arba'in, na tsaya ina lissafin kuɗin Amurka, sai Auta ya raɗa min cewa dala a nan sefa biyar ce.

Tsakanin iyaka da Matamai na ga abin da ban zata ba. Na taso da jin cewa Nijar hamada ce, sai ga gonaki sun fi na bayan Daura bishiya nesa ba kusa ba, kuma yawancinsu gawo ne. An gama girbin hatsi, an ɗaure dammuna, sauran itatuwa sun fara yin ja, shi kuwa gawo yanzu yake fitar da sabon ganye shar. Duk damina a tsaye yake tsirara kamar matacce.

Wani dattijo da muka yi aiki a gonarsa ya zauna da mu tun hantsi har azahar. Na ce, "Baba, ba ya cinye muku hatsi?" Ya yi dariya ya ce, "Gawo ai ya ƙi ruwan Allah, na ƙasa yake sha. Lokacin da hatsi ke son rana ba shi da inuwa, lokacin da dabba ke son inuwa ya yi ganye. Je ka duba karan da ke gindinsa ka gwada da na can." Na je na duba, kaurinsu ba ɗaya ba ne. Ganyen yana zuba ne daidai faɗuwar damina ya zama taki, dabbobi sun yini a gindinsa duk rani suna cin 'ya'yansa suna kashi, saiwarsa kuma tana da 'yan ƙulle-ƙulle irin na gyaɗa da wake masu ƙara wa ƙasa ƙarfi. Ya ce tun zamanin Sarki Tanimu doka ce mai tsanani a Damagaram a sare gawo, haka suka ji daga kakanni.

Muka zaɓi wani ɗan gawo da bai kai ƙwaurina ba, muka ce wannan ba zai ba mu wahala ba tunda yashi ne. Muka tona kamu ɗaya, biyu, uku. Auta ya shiga ramin har ya ɓace min, sai hularsa nake gani, saiwar nan siririya kamar igiyar guga tana nan tana gangarawa ba ta ko yi reshe ba. Muka haƙura muka yanke. Babban gawo yakan kai saiwarsa ga ruwan ƙarƙashin ƙasa ko da yana gaba goma ko fiye, shi ya sa yake iya buɗe shago ranar da kowa ya rufe. Ganyensa ƙanana ne, amma ba masu tsimi ba ne, shan ruwa suke yi son ransu. Wanda ke da rijiya a gida ba ruwansa da farashin ga-ruwa.

Dattijon ya nuna mana kututturan sabara da kalgo da ya rage wa rassa biyu-uku ya sassabe sauran. Sassaben zamani suke ce masa. A da in za a gyara gona ƙarƙaf ake yi, yanzu ana barin toho mafi ƙarfi ya zama bishiya. Wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, shi ya fara yayata dabarar a yankin Maraɗi a 1983, bayan ya lura cewa abin da ake ɗauka ciyayi ne a gonaki toho ne na tsofaffin itatuwa masu rai a ƙarƙashin ƙasa. An ƙiyasta fili kimanin hekta miliyan 5 da bishiyoyi wajen miliyan 200 da suka dawo ta wannan hanya a kudancin Nijar. Dashe da yawa sun mutu a ƙasar nan saboda ɗan dashe ganye gare shi ba saiwa, toho kuwa ya gaji rijiyar uwarsa. Da asuba Auta ya sa na tura hannu cikin yashin gindin sabara, na ji sanyi-sanyi, na taka gaba kaɗan na ji a bushe. A Senegal an gwada an tabbatar cewa da dare sabara tana jawo ruwa daga ƙasa can ta sake shi a sama-sama, har geron da ke kusa ya samu. Mu a wajenmu tsintsiya da maganin gudawa kawai muka san ta da su.

Damagaram kwana biyu. Mun sauka a wani masauki a Zango, ɗaki jaka shida, famfo ba ya zuwa sai tsakar dare, don haka da jarka muka yi wanka. Gari ne a kan duwatsu mai fama da ruwa tun fil azal, kuma shi ne babban birnin Nijar har 1926 kafin Faransawa su koma Yamai. Mun shanya ambulan a kan soro, mun leƙa ƙofar fadar sarki a Birni, mun ci kilishin da har yau nake tunawa. Malamin jami'ar ya haɗa mu da direban wata Hilux da ɗalibinsa guda mai jin Buzanci.

Arewa da gari muka wuce matatar man da aka buɗe a 2011, muka wuce Bakin Birji da Sabon Kafi. Titi wani wuri kwalta, wani wuri sai dai a sauka gefe a bi sawun manyan motoci. Taya ta fashe sau ɗaya. Gonaki suna ta sirancewa, kuka ta ɓace, tsamiya ta ɓace, gawo ya koma sai a kwari. Tanut, babban garin Damargu, tana da nisan kilomita wajen 150 daga Damagaram, ruwanta na shekara bai fi milimita 250 ba, wata shekarar ko kusa ba ya kaiwa. Muka ƙara gaba kaɗan zuwa inda noma ya ƙare, kiwo ya karɓa.

Ina sauka daga mota na gane dalilin da ya sa direba ya naɗe wandonsa har gwiwa. Ƙarangiya. Na san ta a gida, amma ta gida wasa ce. Nan fili ne iya ganinka, ta bushe ta yi fari, taku uku ta mamaye min safa da ƙafar wando da gefen riga. Na sunkuya in cire ta kama yatsu, na kai yatsa baki ta kama leɓe. Na zauna a kan kula in huta ashe ta riga ni hawa. Da za mu yi sallar azahar sai da muka share wuri da shebur, duk da haka na ɗago goshi da guda biyu. Ɗalibin nan yana ta dariya, ya ba ni ɗan hantsaki irin wanda kowa ke ratayawa a can, ya ce in jiƙa yatsa da yawu kafin in taɓa. Auta kuwa ya tumɓuke guda ya miƙo min ya ce in duba da kyau. Saiwarta 'yar gashi ce, ba ta fi taƙi ɗaya ba. Ba ice, ba ajiya, ba rijiya. Ruwa ya sauka ta tsiro, cikin wata biyu zuwa uku ta yi 'ya'ya ta mutu, ta bar iri ya jira baɗi, mu kuma mu yi mata dakon sa kyauta. Ita ba ta zama a yi rani da ita ko kaɗan.

Itatuwan da suka rage a nan kowanne abin kallo ne. Aduwa ganyenta biyu-biyu masu kauri, ƙayarta kore ce, ko ganye ya zube ƙaya da reshe suna ci gaba da dafa abinci, icenta kuma mai tauri ne, shi ake sassaƙa allo da shi. Anza ba ta zubar da ganye ko a tsakiyar bazara. Ganyenta kamar fatar takalmi, na lanƙwasa shi ya karye ƙas, ga ɗaci da ya sa ko akuya ba ta rawar jiki a kansa. Ita ce ƙarshen masu tsimi, kuma 'ya'yanta ne ake jiƙawa kwana da kwanaki a yi dilo a shekarar yunwa. Kusa da ita ga dashi, ice mai taushi da ruwa-ruwa, ya riga ya kaɗe tas, ƙaramar kuka ke nan a hali. Kalimbo ya yar da maganar ganye gaba ɗaya, sai koren tsinke. Kandili da ɗakwara ganye kamar ƙwayar gero, wanda iska ke saurin ɗauke wa zafi.

Sai tumfafiya. Tana tsaye a tsakiyar wannan ƙuna da ganye ya fi na ɗinyar Kagoro faɗi, icenta ba nauyi kamar kara. Na ce, "Auta, wannan fa? Ta rushe mana lissafi." Ya ce in shafa. Na shafa, wani farin gari mai kama da kakin zuma ya biyo yatsana, shi ke mayar da hasken rana ya tsare ruwa. Ga farin ƙaro mai guba da ke korar dabba, ga uwar saiwa mai zurfi. In da faɗin ganye kaɗai za ka duba, sai ka rantse 'yar kurmi ce.

Da yamma muka isa wata rijiya inda raƙumi ke jan wasaki. Na bi igiyar da taku har inda raƙumin ya juya, na ƙirga sama da arba'in. Wani Buzu mai shayar da dabbobi ya kira mu shayi, kofi uku kamar yadda suke yi, ya ɓalla mana cuku. Da ɗalibin ya gaya masa abin da ya kawo mu, ya ce masu gyaran rijiya sukan ci karo da saiwar kandili a can ƙasa inda hasken rana ba ya kaiwa. Direbanmu ya karɓe da labarin bishiyar Tenere, ita ma kandili ce, wadda ta tsaya ita kaɗai a hamada gabas da Agadas, ayarin gishirin Bilma suna saitin hanya da ita. Da aka haƙa rijiya a gefenta a ƙarshen shekarun 1930 an tarar saiwarta ta kai ga ruwa a zurfin sama da mita 30. Fari bai kashe ta ba, mota ce ta banke ta a 1973. Gawarta tana gidan tarihi a Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta.

A daren muka kwana a tabarma a farfajiyar wani gida a Tanut, sanyin hunturu ya fara saukowa. Auta ya kunna tocila yana bin littafina shafi-shafi, ko da yake awon gaskiya sai an busar da komai a tanda an sake aunawa. Abin da ya fara bayyana shi ne ganye da ice suna jin maganar juna. Inda ganye ya yi kauri ya daɗe, yawanci ice ya yi nauyi. Inda ganye ya yi araha, ice ya yi taushi. Amma ba a jere suke daga kudu zuwa arewa kamar ɗaliban firamare ba, kowane zango akwai masu tsimi da masu wawura su gudu, rabonsu ne ke canzawa. Saiwa kuwa ta ƙi shiga layi. Kaurin 'yan siraran bai bi na ganye ba, domin wata bishiyar da kanta take kiwo da dogon gashi, wata kuma irin doka ta ɗauki funfuna aiki ta zauna da gajere mai kauri. Zurfi ma ba ruwan sama yake bi ba, inda ruwan yake kwance yake bi. Shi ya sa za ka ga goriba ta yi dandazo a ƙorama alhali tudun da ke gefenta ƙarangiya ce kawai. Auta ya damu, yana ganin malaminsa zai ce aikin bai fito ba. Ni kuwa a ganina nan ne ya fito. Ganye rana ɗaya yake kallo ko a ina, saiwa kuwa marmara ta gamu da ita a Falgore, yashi a Matamai, ga neman ruwa, ga neman abinci, ga riƙe bishiya kada iska ta kayar. Mai aiki uku ba zai yi tafiya irin ta mai aiki ɗaya ba.

Dawowa kwana biyu ta ɗauke mu, ba abin da ya faru sai ƙura da shingaye. Mun iso Zariya bayan isha'i ranar Asabar, ɗakin gwaji a rufe sai Litinin, don haka muka baje ambulan a kan tabarmi a tsakar gidana don kada su yi funfuna, kowanne a buɗe da lambarsa. Lahadi na fita gaisuwar mutuwa, ban dawo ba sai bayan magariba. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka mai kyau, kore shar, na ci na ƙara. Ina wanke hannu na hango ambulan biyar a ninke a gefen murhu, na ɗauko na ga rubutuna a jiki: Matamai, kuka, ɗaya zuwa biyar.

Na ce, "Maman yara, ina ganyen da ke cikin nan?"

Ta ce, "Wanda kuka sha wahala kuka ɗebo daga Nijar? Ai na ga ya bushe sarai, na daka. Kuma wallahi ya fi na kasuwa yauƙi."

Auta yana da hoton faɗinsu da nauyinsu ɗanye, na busasshe ne babu. Ya riga ya yi wa direban Hilux waya, wai akwai mai zuwa Kano ranar Laraba.